Wa Ya Rufe Ƙofar Shingen Lindaura?

Ungulaye ne suka fara sani. Tun ranar Alhamis suke kewaya sama ta yammacin ƙauyen Tala Seca, kowa ya gan su, kowa kuma ya ɗauke kai, don a zafin da ake yi a ƙasar nan cikin watan Nuwamba babu mai yin tafiyar sa'a biyu saboda tsuntsu. Sai ranar Asabar da safe, da Doña Lindaura Nieto ta dawo daga asibitin birni da auduga manne a ido ɗaya, ta ga abin da ya tara su.

Awaki hamsin da biyu gare ta, su ne kuma duk abin da mijinta ya mutu ya bar mata. Da za ta tafi a cire mata yanar ido ranar Litinin da asuba, ta bar ƙofar shingenta a buɗe, yadda kowa a nan yake yi in zai yi nisa lokacin fari, don dabbobi su riƙa fita su sha a tafkin ƙungiyar makiyaya su komo kiwo da kansu. Ta dawo ta tarar da ƙofar a rufe, an naɗe wayar a jikin dirka har sau uku. Talatin da huɗu sun mutu a bakin ƙofar, wasu a kan wasu.

Kafin tsakar rana gari ya gama shari'a. Wenceslao Vera ne, wa kuma? Shekara goma sha biyar ya yi a Buenos Aires, ya dawo da son kwalba da 'yan awaki ashirin. Watan jiya bunsurunsa ya tsallaka shingen Lindaura, ta tare shi a gaban kanti ta wanke shi tas, ta ce ran da ya sake taɓa mata waya sai ta sare masa hannu. Mutanen da suka kwana biyu suna kallon ungulu ba su motsa ba, yanzu kowannensu ya tuna wannan faɗan kalma bayan kalma.

Don Hipólito Quinteros, shugaban ƙungiyar makiyaya, ya sa taro gobe Lahadi don a kori Wenceslao, ya kuma hana awakinsa zuwa tafki kafin nan. Kora daga ƙungiya a Tala Seca ba wasa ba ce. Tafkin nan shi ne ruwa kaɗai daga nan har kwalta, wanda aka kora kuwa dabbarsa ba ta sa baki a ciki. Ko ya tattara ya bar gari, ko ya zauna ya ga awakinsa sun bi na Lindaura.

Sai da aka gama duk wannan sannan Don Hipólito ya tuna da mai bin sawu.

Doña Zenona Brizuela ta haura sittin da biyar, gajeruwa ce, busasshiya, kuma ba a taɓa jin ta yabi kowa ba sai ubanta da wata alfadara da ta mutu tuntuni. Uban ne ya koya mata bin sawu. A duk faɗin Llanos na La Rioja, in saniya ta ɓace ko ɓarawo ya ratsa, ita ake ɗaukowa. Tun kafin Hipólito ya buɗe baki ta san ba gaskiya yake nema ba, hatimi yake nema.

"Comadre, ki ɗan duba mana a cika ƙa'ida," in ji shi, don ita ta riƙe 'yarsa ranar baftisma. "Kowa ya san wanda ya yi."

"Tun da kowa ya sani, me ya sa ka taso ni cikin ranar nan? Ku tsaya can baya. Kai ma, Hipólito, da kai nake. Ƙafafu kamar na bijimin sa."

Cikin shingen babu abin karantawa, awaki sun tattake komai wajen neman hanya. Amma ta waje, tun da aka rufe ƙofar babu garken da ya sake bi, ba a yi iska ba, ba a yi ruwa ba. Zenona ta ɗaure hanci da ɗankwali saboda wari, ta tsuguna, ta karya tsinke tana nuna wa kanta.

"Alfadara," ta ce. "Ƙafar baya ta hagu, kofaton a tsage."

"Ta Wenceslao!" Hipólito ya juya ga mutane kamar shi ya gano. "Kun ji ko?"

"Ranar Laraba da hantsi. Ta tsaya nan, ta ɗan jima, ta wuce. Wanda ke kanta bai sauka ba. Ka taɓa naɗe waya sau uku a gindin dirka kana bisa alfadara?"

Ƙarƙashin kofaton akwai wani sawun da ya girme shi da kwana biyu. Ƙafar namiji ce babba, cikin takalmin zane mai tafin igiya, irin wanda kowa ke sawa daga limamin coci har mai yankan itace. Ya taho daga babbar hanya, ya shiga ƙofar 'yan taki kaɗan, ya komo, ya rufe. Sai dai sawun ba ya tafiya miƙe. Taki biyu dogaye, ɗaya gajere, ya karkata hagu, ya yi ɗan tsalle dama.

"Tafiyar mashayi!" in ji Hipólito. "Ya zo Litinin a ƙafa ya rufe, ya dawo Laraba ya ga aikinsa. Comadre, kin gama mana."

Maganar ta zauna daidai, abin da ya ƙara ɓata wa Zenona rai ke nan, don ba ta son Hipólito ya yi daidai ko da bisa kuskure. Ta bi sawun ita kaɗai har gindin wata bishiyar algarrobo da ke jifa ɗaya daga ƙofar. Mutumin ya zauna a nan, ya kuma daɗe, don sau uku ya matsa yana bin inuwa. Ya ajiye jaka a gefensa. Bai bar guntun taba ba, bai bar kwalba ba, bai ko tofa yawu ba. Kafin ya zauna ma sai da ya karya reshe ya share ƙasa.

Mashayin da ke shara kafin ya zauna, Zenona ba ta taɓa gani ba.

Ta sami Wenceslao a gindin rumfarsa yana ɗinke linzami. Awakinsa suna ta kuka a garke, sun san lokacin ruwa ya wuce.

"Kin zo tafiya da ni ne, Doña Zenona?"

"In kai ka ina? Wa ke son ka? Ɗaga ƙafarka."

Ya ɗaga. Ta auna da tsinken da ta karya a tsawon sawun. Daidai.

"Litinin kana ina?"

"Nan, a kwance. Ni da kwalba."

"Kwalba ba ta shaida. Laraba fa, da ka tsaya a ƙofar Lindaura? Ka ji kukansu?"

Ya ci gaba da ɗinki kamar allurar ce aka tambaya. Can ya ce, "Na ji."

"Ka ga ƙofa a rufe."

"Na gani. Na ce ko tana gida tana ɗebo musu a ganga. Ƙofar mutum yadda ka same ta haka kake barinta, ke ma kin sani. Ga shi ta ce za ta sare mini hannu."

"Sai ka zauna bisa alfadara kana auna hannunka da awaki hamsin."

"Na zauna," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Sai na ce a raina, to ta je ta sare na wanda zai buɗe."

Zenona ta raina shi tun ranar da ya dawo, yau rainin ya ƙaru. Amma raini daban, sawu daban. Ta ce ya je bayan garke ya ɗebo mata ruwan sha a randa. Ya tashi yana jan ƙafa, ya ratsa tsakiyar garken, yana murƙushe duk abin da ya tarar a ƙasa, ya yi tuntuɓe da kwano, ya zagi kwanon. Ta bi ƙafafunsa da kallo zuwa da dawowa. Da ya miƙo mata ruwan ba ta ko karɓa ba, ta ce ya ba 'yan awakin, ta hau alfadararta ta tafi.

Akwai wasu ƙafafun maza a gari da ba wanda ya lissafa, don a tsohuwar makaranta suke kwana, kuma masu karatu ne.

Su uku ne, ɗaliban digiri na biyu daga wata jami'a a Buenos Aires, masu koyon tsara manufofin gwamnati. Jami'ar ba ta ba mutum takardarsa sai ya haɗu da wata ƙungiya ta waje ya yi mata bincike, shi ne aka haɗa su da makiyayan Tala Seca. Mako uku ke nan suna bin gida gida da tambayoyi arba'in da biyu a kan ruwa. Rahoton zai tafi ofishin ruwa na lardi, Hipólito kuwa ya riga ya hango rijiyar burtsatse da sunansa a jiki. Ranar da suka sauka ya yanka musu ɗan akuya, ya raba musu takalman zane, wai don su zama 'yan gari. Ita ma Zenona an yi mata tambayoyin. An tambaye ta ko tana jin ana damawa da ita a sha'anin ruwa, ta zaɓi amsa daga ɗaya zuwa biyar. Ta ce a rubuta cewa tana jin ƙishi.

Malena ce shugabarsu, siririya, rana ta ɗaye mata fatar hanci. Tadeo ƙato ne mai ɗaurarriyar fuska, kullum kamar an masa dole. Lisandro kuwa shi ne na matan gari. Zenona na shigowa makarantar ya miƙe, ya jawo mata kujera, ya goge da hankici, ya cika ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake sha a nan, ya miƙa mata da hannu biyu. An ce ya fi sauran ƙwazo, takarda takwas yake cikawa a ranar da su suke fama da uku.

"Wa ya bi yamma ranar Litinin?" in ji Zenona.

"Ki yi haƙuri, Doña Zenona, ba za mu iya faɗa ba," in ji Malena. "Mun sa hannu a takardar sirri. Ba ma faɗar wa ya je gidan wa. Ko suna ba ma rubutawa, lamba muke sa wa gidaje."

Zenona ta ɗaga kai ta dubi taswirar da suka manna a allo. "Wancan ɗigon da ke can ƙarshen yamma shi kaɗai, ashirin da bakwai. Wa zai taɓa gane Lindaura ce? Kai, kun ɓoye ta ƙwarai." Ta juya ga Tadeo. "Kai ne ta kora da tsintsiya makon jiya?"

"Da itacen wuta," ya ce. "Don kawai na tambaye ta ko tana da takardar fili. Ko tambaya ta uku ban kai ba."

"Ka ji haushi."

"Sosai ma. Tafiyar sa'a biyu a banza, ga karenta ya yaga mini wando. Da na sami yadda zan rama..."

"Tadeo!" in ji Malena.

Zenona ta dubi ƙafarsa. Babba ce, ba ta bukatar tsinke. Ta dubi ta Lisandro, ita ma haka. Yaran birni, an ciyar da su da madara, duk sun yi ƙafa.

"Abin ya taɓa mu ƙwarai, Doña," in ji Lisandro, murya kamar mai karanta labarai a rediyo. "Za mu sa shi a rahoto, a babin rikici tsakanin maƙwabta. Irin wannan yakan faru a inda dukiyar tarayya ba ta da tsari a rubuce."

"Har an yi masa babi."

"Darasi ne babba."

"Gawarwakin ko binne su ba a yi ba, ɗan nan, kai har ka ɗauki darasi. Allah ya ƙara basira."

Ya yi murmushi ya ce na gode. Malena ba ta yi murmushi ba. Tana ta kallon wani kwali da ke kan tebur, inda suke tara takardun da aka cika, kallon wadda ta tuna wani abu da ba ta so ta tuna ba.

Da rana ta yi sanyi Zenona ta koma bakin ƙofar ita kaɗai. Ta fara daga babbar hanya, ta bi sawun taki bayan taki a durƙushe, ba siffar ƙafar take duba ba yanzu, abin da ke ƙarƙashinta take duba. Taki ɗari uku da wani abu. Da ta kai dirka ta miƙe da ƙyar, ta dafa ƙugu, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta biya ta gidan Hipólito ta ce masa taron gobe ba a makaranta za a yi ba. A garken Lindaura za a yi, ƙarƙashin rumfar da ke can ƙarshe, kuma a gayyato masu digiri su ga yadda ƙungiya ke yanke hukunci.

"Madalla," in ji Hipólito. "Su sa a rahoto cewa muna da tsari."

Ranar Lahadi Zenona ta riga kowa zuwa. Garken Lindaura ya shekara talatin ana kwana a cikinsa, daga bakin shiga har rumfar babu inda za ka sa ƙafa ba a kan kashin awaki ba, tsoho da sabo. Zenona ta zauna a kan kututture ta kafa ido ƙasa. Mutane suka riƙa ratsowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na gaishe ta, ba ta ɗaga kai ta ga fuskar kowa ba. Hipólito ya wuce da littafin ƙungiya a hammata. Wenceslao ya wuce, aka buɗe masa fili kamar mai cutar da ake ɗauka. Ɗaliban uku ne suka zo ƙarshe.

Hipólito ya yi jawabi mai tsawo a kan zumunci, da amana, da yadda bara-gurbi ɗaya ke ɓata suna. Ya ce mai bin sawu ta tabbatar da alfadara, ta tabbatar da tafiyar mashayi. Ya ce wanda ya yarda a kori Wenceslao Vera ya ɗaga hannu. Zenona ta bari sai da hannuwa suka tashi. Tana so ta gan su. Ashirin da shida, har da na waɗanda suka sha giyarsa.

"Ku riƙe su a sama, kada ku gaji," ta ce. "Hipólito, ni ban ce mashayi ba, kai ka ce. Mashayi inda ƙafa ta faɗi nan ta faɗi. Jiya na sa Wenceslao ya ratsa garkensa, babu abin da bai taka ba, har kwanon karensa. Wanda ya rufe ƙofar nan kuwa ya yi taki ɗari uku a hanyar da awaki ke bi safe da yamma, hanyar da ta cika da kashinsu, bai murƙushe ƙwaya ɗaya ba. Ba layi yake yi ba, kaucewa yake yi. A cikinku wa ke kauce wa kashin akuya? Wa ma yake ganinsa?"

Hannuwa suka fara sauka a hankali, kowa na yi kamar sosa kai ya tashi yi.

"Na ce to baƙo ne. Baƙi uku gare mu. Yarinyar ƙafarta ƙarama ce. Saura biyu, shi ya sa na tara ku a nan." Ta nuna tsakar garken da tsinke. "Wancan mai ɗaurarriyar fuskar ya ratso kamar sa, mako uku yana shiga garken mutane, ya daina gani. Dubi takalminsa, ko a shara ba a ɗauka. Ɗaya ne kawai ya shigo yana rawa. Ga sawunsa can, biyu dogaye, ɗaya gajere. Ɗan nan, ɗaga mana ƙafarka."

Lisandro bai ɗaga ba. Ba a bukata. Takalmin da Hipólito ya ba shi yana nan fari kamar ranar da aka raba.

"Mutumin da ya cika takarda takwas a rana ya shiga garke takwas a rana," in ji Zenona. "Ku mutanen yamma, gida biyar ne ku. Wa yaron nan ya sha mate a gidansa?"

Aka dubi juna. Wani tsoho ya ce shi dai a kanti yake ganinsa, yaro mai gaisuwa.

"Mai gaisuwa ƙwarai. Ya zo ƙofar nan ranar Litinin, ya leƙa, ya ga gidan da saura, ga rana, ga labarin kare. Ya komo ya zauna gindin algarrobo tun hantsi har inuwa ta juya, yana yi wa kansa tambaya yana ba kansa amsa."

"Na ga ƙofa a buɗe ne," in ji Lisandro. Muryar rediyon ta tafi. "Awaki suna ciki, babu kowa. Na ɗauka mantawa aka yi. A gidanmu an koya mini in na ga ƙofa a buɗe in rufe. Taimako na yi, Doña. Na rantse da Allah taimako na yi."

"Na sani. Mai mugunta sau ɗaya zai naɗa waya ya gudu. Sau uku aikin mai tarbiyya ne. Wannan ba ya ba ni mamaki, jahilci ne, kowa da irin nasa. Jiya fa, da ka ji za a kori mutum?"

"Na so in faɗa. Amma in na ce ina wurin, za a tambaye ni me nake yi a gindin bishiya. Shekara biyu ina karatun nan..."

"Sai ka yi masa babi."

Doña Lindaura tana zaune a gefe tun da aka fara. Yanzu ta juyo da idonta mai gani wajen Malena. "Ke, 'yar nan. Akwai tawa a cikin takardun?"

Malena ta rungume jakarta. Ta zo da kwalin, ita ma ta kwana da zarginta. "Akwai, Doña. Amma sirri ne, ba a..."

"Sirrin wa? Ba ni aka ce na faɗa ba? Karanta in ji abin da na ce."

Malena ta zaro takardar. "Gida na ashirin da bakwai. Litinin, ƙarfe goma sha ɗaya na safe." A wannan lokacin Lindaura tana kan benci a asibiti ana ɗiga mata magani a ido, kowa a rumfar ya sani. "Tambaya ta shida. Dabbobinki suna samun isasshen ruwa? Amsa: e, kullum." Ta dubi gefen takardar. "Ya ƙara a gefe, mai gida ta karɓe ni da fara'a."

Ba wanda ya yi dariya. Lindaura ta gyaɗa kai kawai, ta gyara audugar idonta.

Hipólito ne ya fara samun bakinsa. "To, jama'a, kun ga ashe kuskure ne. Yaro ne, baƙo ne, bai san al'ada ba. Kada mu bari wannan ya fita waje ya ɓata rahoto. Ku tuna da rijiya."

"Ɗazu laifi ne da ya isa a kashe wa mutum garke," in ji Zenona. "Yanzu da ya zama na mai digiri ya koma kuskure. Compadre, kai dai ba ka taɓa ba ni kunya ba, kullum yadda na zata haka kake."

"Babu rahoto, Don Hipólito," in ji Malena, ba ta dubi Lisandro ba. "Rabin takardun nan shi ya cika. Dole in gaya wa malamarmu yau. In an yarda mu dawo, sai mu fara daga farko."

"Ni zan koma gida na ashirin da bakwai," in ji Tadeo. "In ta ajiye itacen."

Hipólito ya rufe littafinsa, yana kallon rijiyarsa tana tafiya. Cikin masu hannu ashirin da shida babu wanda ya dubi Wenceslao, balle ya ce masa yi haƙuri. Lindaura ce kaɗai ta dube shi.

"An ce ka tsaya ranar Laraba."

"Na tsaya."

"Suna kuka?"

"Suna kuka."

"Ba ka buɗe ba."

"Kin ce kada in taɓa." Ya miƙe ya sa hularsa, ya juya ga shugaban. "Don Hipólito, an gama da ni? Nawa ma tun jiya suke kuka."

Hipólito ya ɗaga masa hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Wenceslao ya ratsa garken da sauri, kusan da gudu, yana watsa ƙura da kashi, ya kwance alfadararsa ya nufi gida ya kora awakinsa tafki.

Sauran suka watse biyu biyu, kowa na gaya wa na kusa da shi cewa shi tun farko bai yarda Wenceslao ba ne. Zenona ta zauna a kan kututturenta tana jin su, ta rasa wanda za ta fi rainawa. Lisandro ne ya tashi ƙarshe. Kuka yake yi sosai, kafaɗunsa na girgiza, ya tsaya gaban Lindaura ya buɗe baki, ta juya masa gefen idon da ke da auduga. Sai ya sunkuyar da kai ya kama hanyar fita.

Zenona ta bi ƙafafunsa da kallo, don sabo. Hawaye sun cika masa ido, da ƙyar yake ganin gabansa. Duk da haka har ya kai bakin garken bai taka ko ƙwaya ɗaya ba.